Inuwa da Sanda: Yadda Aka Koyi Auna Abin da Hannu Bai Kai Ba

A shekarar 1856 hukumar safiyon ƙasar Indiya, wadda ke ƙarƙashin Turawan Ingila, ta sanar da cewa wani tsauni a jerin duwatsun Himalaya shi ne mafi tsayi a duniya, kuma tsayinsa ƙafa 29,002 ne. A lokacin ko suna ba shi da shi a takardunsu, lamba 15 kawai suke kiransa. Babu ɗaya daga cikin ma'aikatan da ya taɓa taka gindinsa, domin masarautar Nepal ta hana su shiga ƙasarta. Daga filayen arewacin Indiya suka hango ƙololuwarsa, daga nisan da ya haura kilomita 160, suka auna kusurwoyi, suka miƙa alƙaluman ga masu lissafi, cikinsu har da Radhanath Sikdar, mutumin Bengal. Sai bayan shekara 97, a 1953, aka samu waɗanda suka hau kan tsaunin, wanda yanzu ake kira Everest. Da ƙasashen Sin da Nepal suka sake auna shi da na'urorin tauraron ɗan'adam, suka sanar da mita 8,848.86 a shekarar 2020. Tazarar da ke tsakanin wannan da awon 1856 ba ta kai mita goma ba.

Ginshiƙin wannan aiki ƙa'ida ce da ɗaliban sakandare ke haddacewa kafin jarrabawar WAEC, galibi su manta da ita da zarar an karɓi takardu. Idan alwatika biyu suka yi daidai a kusurwoyinsu uku, to siffarsu ɗaya ce ko da girmansu ya bambanta, kuma kowane gefe na babbar ninki ne na takwaransa a ƙaramar, da adadi iri ɗaya. Alwatika mai gefen mita 3 da 4 da 5, da wata mai gefen mita 30 da 40 da 50, uwa ɗaya uba ɗaya suke. Ma'anar wannan ita ce wanda ya riƙe ƙaramar a hannu ya san babbar, muddin ya san tsayin gefe ɗaya tak daga cikinta. Sama da shekara dubu uku aka ɗauka ana sarrafa wannan tunani, ana nema masa hujja, ana mayar da shi kayan aiki, har daga baya aka gano inda ƙarfinsa ya ƙare.

Magina a Masar

Aiki da ƙa'idar ya riga bayaninta. Maginin dala a tsohuwar Masar yana da matsala guda mai tsanani: fuskoki huɗu na ginin dole su tashi da gangara iri ɗaya tun daga tushe, in ba haka ba ba za su haɗu a ƙololuwa ba. Mafitar da suka samu wani ma'auni ne mai suna seked, wato yawan tafin hannun da bango zai ja baya a duk kamu ɗaya da ya tashi sama, kuma kamunsu tafi bakwai ne. A takardar lissafi da magatakarda Ahmes ya kwafa wajen shekara ta 1550 kafin Miladiyya, wadda ke ajiye a gidan tarihi na Birtaniya, akwai wata tambaya a kan dala mai faɗin kamu 360 da tsayin kamu 250. Amsar ita ce tafi biyar da kashi ɗaya cikin 25.

Wanda ya ba mai sassaƙar dutse wannan adadi ya riga ya yarda da cewa ɗan gangaren da ke jikin dutse guda hoton gangaren dala gaba ɗaya ne. Takardar ba ta faɗi dalilin da ya sa haka ke aiki ba. Tana nuna hanya ne kawai, ta ba da amsa, ta wuce zuwa tambaya ta gaba.

Baƙon da ya jira inuwa

Girkawa sun danganta mataki na gaba ga Talis, mutumin birnin Militas da ke gaɓar tekun yammacin Turkiyya ta yau, wanda ya rayu wajen 624 zuwa 546 kafin Miladiyya. Babu rubutunsa da ya iso ga kowa; marubutan da suka zo ɗaruruwan shekaru a bayansa ne suka ruwaito cewa ya je Masar ya auna tsayin dala da inuwarta. Ruwayar iri biyu ce, kuma bambancinsu yana da muhimmanci.

A ta farko, wadda Filini da Diyojinis suka kawo, Talis ya jira ne har lokacin da inuwar mutum ta yi daidai da tsayinsa, sai ya ce a wannan sa'a inuwar dala ma daidai take da tsayinta. Wannan dabara ce ta mai lura. A ta biyu, wadda Fulutak ya kawo, bai jira wata sa'a ba. Ya kafa sanda a ƙarshen inuwar dala, ya ce yadda inuwar sanda take ga sanda, haka inuwar dala take ga dala, ko da wane lokaci ne na yini. Wannan kuwa ita ce cikakkiyar ƙa'idar. Rana tana da nisa ƙwarai, saboda haka haskenta yana sauka a kan sanda da dala da karkata iri ɗaya. Sanda da inuwarta da hasken da ya haɗa kawunansu alwatika ce. Dala da inuwarta ma haka. Kusurwoyin duka biyun ɗaya ne.

Akwai wani ƙulli da littattafan makaranta kan tsallake. Tsayin dala yana sauka ne daga ƙololuwa zuwa tsakiyar tushenta, wurin da duwatsu suka binne. Saboda haka wani yanki na inuwar yana ɓoye ƙarƙashin ginin. Babbar dalar Giza, wadda aka gina wa Fir'auna Kufu wajen 2560 kafin Miladiyya, faɗin kowane gefenta kimanin mita 230 ne, don haka sai an ƙara rabin wannan, mita 115, a kan inuwar da ido ke gani, kuma sai inuwar ta faɗi a miƙe daga tsakiyar gefe ɗaya. A misali, idan sanda mai mita 2 ta yi inuwar mita 3, inuwar dala da ke fili kuma ta kai mita 104, jimilla 219 ke nan, kashi biyu cikin uku nata kuma 146. Asalin tsayin dalar kafin samanta ya zube mita 146 ne da ɗoriya.

Sunan Talis ya manne wa ƙa'idar a wasu ƙasashe. Littattafan makarantun Faransa sun fara kiran ta ƙa'idar Talis a ƙarshen ƙarni na 19, don haka ɗalibi a Damagaram ko Maraɗi da wannan suna ya san ta, alhali takwaransa na Katsina ya san ta a matsayin darasin alwatika masu kama da juna.

Tsagar da ta bayyana a bango

Abin da Girkawa suka fi sauran al'ummai nacewa a kai shi ne hujja. Hujjar farko da ta zo wa kowa a rai mai sauƙi ce. A ce gefe ɗaya awo biyar ne na wani ƙaramin ma'auni, ɗayan kuma awo uku. Sai a yayyanka alwatikar da layuka masu tafiya kafaɗa da kafaɗa, a ƙirga yankunan, a ga gwargwadon biyar da uku ya fito a ɗaya gefen ma. Wannan hujja ta dogara da zaton cewa kowane tsayi biyu suna da wani ɗan ma'auni, komai ƙanƙantarsa, da zai shiga cikin kowannensu ba saura.

A ƙarni na biyar kafin Miladiyya aka gano, cikin da'irar almajiran Fitagoras, cewa zaton ba gaskiya ba ne. Gefen murabba'i da layin da ya ratsa shi daga kusurwa zuwa kusurwa ba su da ma'auni na tarayya. Ko me aka ɗauka a matsayin awo, idan ya shiga ɗaya daidai, sai ya bar saura a ɗayan. Da harshen yau, gwargwadonsu 1.41421 ne da jerin lambobi da ba sa ƙarewa kuma ba sa maimaituwa. Wannan ya bar kowace hujja da aka gina a kan gwargwado tana lilo. Ƙa'idar tana aiki a fili, magina da masu awon gona na amfani da ita, amma masanin da aka tambaya dalili ba shi da cikakkiyar amsa.

Wanda ya ɗinke ɓarakar shi ne Yudoksas na Kinidas, a ƙarni na huɗu kafin Miladiyya. Ya daina tambayar ko nawa ne gwargwadon, ya koma tambayar yaushe ne gwargwado biyu suke daidai. A ɗauki tsayi huɗu. A ninka na farko da na uku sau wani adadi, a ninka na biyu da na huɗu sau wani adadin dabam. Idan a kowane zaɓi na adadin, duk lokacin da ninkin na farko ya fi na biyu sai ninkin na uku ma ya fi na huɗu, in sun yi daidai su ma su yi daidai, in ya gaza shi ma ya gaza, to gwargwadon na farko ga na biyu shi ne na uku ga na huɗu. Ba a buƙaci ma'auni na tarayya ba ko kaɗan. Fiye da shekara dubu biyu bayan haka, a 1872, Bajamushe Richard Dedekind ya gina ma'anar irin waɗannan lambobi marasa ƙarewa a kan tunani mai kama da wannan.

Tasirin matsalar yana nan a tsarin littafin Yuklid, wanda Larabawa suka sani da Uƙlidis, da ya rubuta a Iskandariyya wajen shekara ta 300 kafin Miladiyya. Littafin juzu'i 13 ne. A juzu'i huɗu na farko Yuklid ya kauce wa gwargwado baki ɗaya, har ƙa'idar Fitagoras ma sai da ya bi wata doguwar hanya ta awon faɗi ya tabbatar da ita, alhali da alwatika masu kama layi kaɗan za ta ci. Sai da ya shimfiɗa aikin Yudoksas a juzu'i na biyar, sannan a na shida ya zo kan siffofi masu kama. Mas'ala ta huɗu a wannan juzu'i ita ce darasin sakandare na yau. Ta 19 kuma ta ƙara abin da mai sayen fili ya kamata ya sani: idan aka ninka kowane gefe sau biyu, faɗin ƙasar ninkuwa yake sau huɗu. Fuloti mai ƙafa 100 da 200 fuloti huɗu ne na ƙafa 50 da 100.

Tsibirin Liu Hui

A ƙasar Sin an kai ga irin wannan sakamako ta wata hanya dabam. A shekara ta 263 Miladiyya Liu Hui ya rubuta sharhi a kan tsohon littafin lissafinsu mai babi tara, ya haɗa masa da tambayoyi tara na awon nesa, waɗanda daga baya aka ware su littafi mai zaman kansa da sunan tsibirin teku. Matsalarsa ta fi ta Talis wuya, domin a nan ba a san tsayin abin ba, ba a kuma san nisansa ba, ruwa ya raba.

Ya kafa sanduna biyu masu tsayin taku biyar, tsakaninsu taku 1,000, a layi ɗaya da tsibirin. Mai awo ya ja baya daga sandar farko har ya ga kanta ya daidaita da kan tsibirin idan ya sa ido a ƙasa: taku 123. Daga ta biyu kuwa taku 127. Wannan bambanci na taku huɗu shi ne mabuɗin. A ninka tsayin sanda da tazarar sandunan, a raba da huɗu, a ƙara tsayin sanda: tsibirin taku 1,255 ne. A ninka 123 da 1,000 a raba da huɗu: nisansa taku 30,750. Duba biyu daga wurare biyu, ba tare da an jiƙa ƙafa ba.

Inuwa a Bagadaza

Littafin Yuklid ya shiga Larabci a zamanin Halifa Haruna Rashid, wanda ya yi mulki daga 786 zuwa 809, ta hannun Hajjaju ɗan Yusufu ɗan Maɗar, wanda ya sake fassara shi a zamanin Ma'amun. Is'haƙu ɗan Hunainu ya yi wata fassarar, Sabitu ɗan Ƙurra, wanda ya rasu a 901, ya tace ta.

Masanan wannan zamani suna da dalili na kullum da zai sa su damu da inuwa, wato lokutan salla. Lokacin La'asar yana shiga ne idan inuwar abu ta kai tsayinsa bayan an ɗebe inuwar da ta rage a tsakar rana. A wajen Imam Abu Hanifa kuwa sai ta kai ninki biyu. Malamai ba su ƙayyade wane abu za a auna ba. Yaro da dogon mutum da hasumiya duk za su ba da lokaci ɗaya, domin alwatikar da kowannensu ya yi da inuwarsa siffa ɗaya ce. Littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa suna ƙiyasta tsayin mutum da ƙafa bakwai na ƙafarsa, yadda zai iya auna inuwarsa da taku ba tare da wani kayan aiki ba. Risalar Ibn Abi Zaidin ma da rubu'in tsayin abu ta auna jinkirin Azahar a lokacin zafi. A gari kamar Kano, wanda ke kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, rana tana bi ta tsakar ka sau biyu a shekara, a Afrilu da Agusta. A waɗannan ranaku inuwar tsakar rana tana ɓacewa, sai farkon La'asar ya zo daidai da sa'ar da ruwayar farko ta ce Talis ya jira.

Daga nan aka ɗauki wani mataki da ya sauya komai. Tun da gwargwadon inuwa da sanda bai dogara da girman sandar ba, sai da tsayin rana a sama kaɗai, to ana iya lissafa shi sau ɗaya ga kowane digiri, a rubuta a jadawali. Masana taurari irin su Habash al-Hasib a ƙarni na tara sun yi aiki da irin wannan jadawali, suna kiran adadin zillu, wato inuwa. Shi ne abin da ɗalibin yau ke samu idan ya danna maɓallin tan a kalkuleta. A bayan na'urar usɗurlabi kuma akan zana murabba'in inuwa, a kasa shi yatsu 12 ko ƙafa bakwai, don auna tsayin gini ko zurfin rijiya.

Abu Raihan al-Biruni, wanda aka haifa a 973, ya rubuta littafi sukutum a kan inuwa. A sansanin Nandana, cikin Pakistan ta yau, ya auna tsayin wani dutse daga ƙasa, ya samu kamu 652 da ɗoriya. Ya hau kansa ya auna yadda sararin da sama ta haɗu da ƙasa ya sunkuya ƙasa da matakin ido, ya samu minti 34, wato ɗan sama da rabin digiri. Da waɗannan adadi biyu ya fitar da nisan da ke tsakanin doron ƙasa da cibiyarta, wanda masana ke fassarawa da kimanin kilomita 6,340. Awon zamani 6,371 ne.

Sarƙar alwatika

Turai ta karɓi Yuklid da farko daga Larabci. Adelard na Bath ya fassara shi zuwa Latin a farkon ƙarni na 12, aka buga littafin da na'ura a birnin Banis a 1482. A 1533 Gemma Frisius ya bayyana yadda za a zana taswirar ƙasa guda da awon layi ɗaya kacal. A auna wannan layi da matuƙar kulawa, a hangi hasumiya daga ƙarshensa biyu, a auna kusurwoyi; siffar alwatikar ta tabbata, gefe ɗaya sananne ne, sauran biyu sun fito. Kowane sabon gefe kuma ya zama tushen alwatika ta gaba. Willebrord Snel ya gwada hanyar a Holand ya wallafa sakamakon a 1617.

Mita kanta daga nan ta fito. Daga 1792 zuwa 1798, ana tsakiyar juyin juya halin Faransa, Delambre da Méchain suka shimfiɗa alwatika fiye da ɗari daga Dunkirk zuwa Basalona, domin a san nisan da ke tsakanin ƙuryar arewa ta duniya da tsakiyarta, a ɗauki kashi ɗaya cikin miliyan goma nasa a matsayin mita. Layuka biyu kawai suka auna da sanda a ƙasa, kowanne kimanin kilomita 12. A 1802 William Lambton ya auna layi mai irin wannan tsayi kusa da Madras, kuma daga shi ne sarƙar ta miƙe arewa, shekara da shekaru, har ta hango Himalaya. Aikin ilimi ne, amma kuma aikin mulki ne: ƙasar da aka auna ita ake iya kasawa, a shata mata iyaka, a ɗora mata haraji.

Inda ƙa'idar ta tsaya

A 1663 John Wallis ya gabatar da wata lacca a jami'ar Okusfod a kan sharaɗi na biyar na Yuklid, wanda ya shafi layukan da ba sa haɗuwa. Masana sun daɗe suna ƙoƙarin tabbatar da shi daga sauran sharuɗɗan, cikinsu har da Ibnul Haisam da Umar Hayyam da Nasiruddin Ɗusi. Wallis ya ga kamar ya dace, domin ya nuna cewa sharaɗin yana tabbata idan aka yarda kowace alwatika tana da mai kama da ita a kowane girma. Abin da aikin nasa ya nuna a zahiri shi ne maganganun biyu ɗaya ne: wanda ya karɓi ɗaya ya karɓi ɗayar. Samuwar siffa ɗaya a girma dabam-dabam hali ne na shimfiɗaɗɗen fili, ba na kowane fili ba.

Doron ƙasa kuwa ba shimfiɗaɗɗe ba ne. A tashi daga ƙuryar arewa a gangaro zuwa tsakiyar duniya, a bi layin tsakiyar har rubu'in zagayensa, a sake hawa ƙurya: an yi alwatika mai kusurwa uku, kowace digiri 90, jimilla 270 maimakon 180. A kan ƙwallo, jimillar kusurwoyi tana ƙaruwa da girman alwatika, saboda haka alwatika biyu masu kusurwoyi iri ɗaya dole girmansu ma ɗaya ne. Rarar ƙarama ce a aikin yau da kullum, kusan kashi ɗaya cikin 3,600 na digiri ga kowane murabba'in kilomita 200. Mai awon fuloti ba zai taɓa ganin ta ba. Masu safiyon Faransa da Indiya kuwa sai da suka cire ta daga kowace babbar alwatika kafin lissafinsu ya zauna.

Duk da haka, a ɗan filin da ɗan'adam ke rayuwa a cikinsa, ƙa'idar tana nan daram. Ita ce ke sa santimita ɗaya a taswira mai sikelin 1:50,000 ta zama rabin kilomita a ƙasa, ita ke ba magini damar karanta zanen gida, ita ke kifa hoton doguwar bishiya a kan ɗan ƙaramin idon kyamara. Kayan gwada ta kuma ba su ƙaru ba tun zamanin Talis. Sanda mai mita ɗaya, da igiyar awo, da hantsi mai haske sun ishi ajin sakandare ya fitar da tsayin tankin ruwan makarantarsu kafin a buga ƙararrawar tashi.